Ray Crowe: Kocin da ya ci kofi a fili, ya faɗi a fim

DA labarin rasuwar Gene Hackman ya ɓulla a watan Fabrairu na 2025, sai na yi abin da na saba yi duk lokacin da wani babban jarumi ya kwanta dama, wato na koma na tono tsofaffin finafinan sa na sake kallo. A cikin su akwai Hoosiers, wanda ya fito a 1986, fim ɗin da Amurkawa da yawa ke ɗauka a matsayin wanda ya fi kowanne a cikin finafinan wasanni. Na sha kallon sa a baya, amma a wannan karon sai ido na ya tsaya a kan wani dattijo baƙar fata da ke jagorantar ƙungiyar da jaruman fim ɗin su ka doke a wasan ƙarshe. 'Yan daƙiƙoƙi kawai kyamara ta ba shi. Wanda bai san shi ba zai ɗauka irin mutanen nan ne da ake tarawa a lokeshin don cika fili.

To, mai karatu, wannan dattijo sunan sa Ray Crowe, kuma shi kocin gaske ne, ba ɗan fim ba. A shekarun da labarin fim ɗin ya faru, babu wani koci a makarantun sakandare na jihar da ya kama ƙafar sa. Tarihin sa na ke so mu duba, domin a cikin sa ne za mu ga irin wuyar da mai horar da yaran makaranta ke sha, wadda ta wuce duk abin da darakta David Anspaugh ya nuna mana.

Abin da fim ya nuna

Labarin ya faru ne a Jihar Indiyana ta ƙasar Amurka. A lura, ba Indiya ta su Amitabh ba ce, wannan wata jihar manoman masara ce a tsakiyar Amurka, kuma sunan fim ɗin laƙabi ne da ake yi wa mutanen ta. Yadda matasan mu su ka haukace a kan ƙwallon ƙafar Turai, haka mutanen Indiyana su ke a kan ƙwallon kwando, musamman na 'yan sakandare. A wancan zamanin makarantu sama da 700 ne ke shiga gasa guda ɗaya, babba da ƙarama ba a warewa, kuma wanda aka doke sau ɗaya ya fita. Sai bayan gasar 1997 aka raba makarantun rukuni-rukuni gwargwadon yawan ɗalibai. Wasan ƙarshe kuwa a wancan zamanin a babban zauren Jami'ar Butler da ke Indiyanapolis, babban birnin jihar, ake yin sa, zauren da a lokacin ke cin mutum kusan 15,000.

A fim, Hackman ya fito a matsayin Norman Dale, wani koci mai zafin rai da ya zo wani ƙauye mai suna Hickory bayan an kore shi daga aiki saboda ya doki ɗan wasan sa. Mutanen gari ba su yarda da shi ba, kowa ya na ganin ya fi shi sanin wasa, har su ka kira taro don a kaɗa ƙuri'ar korar sa. Daga ƙarshe ya kai yaran ƙauye birni su ka ɗauki kofi.

Marubucin fim ɗin, Angelo Pizzo, ya samo tushen labarin ne daga makarantar garin Milan, mai ɗalibai 161 kacal, wadda ta ci kofin jihar a 1954 bayan ta doke babbar makarantar Muncie Central da maki 32 da 30. Kocin Milan na gaskiya, Marvin Wood, ɗan shekara 26 ne a lokacin, mai sanyin hali, bai yi kama da Hackman ko kaɗan ba. Amma batun rashin tabbas a aikin koci gaskiya ne, domin wanda Wood ya gada korar sa aka yi saboda ya yi odar sabbin kayan wasa ba tare da izinin na gaba da shi ba. Ka ji fa! A aikin nan riga da gajeren wando ma sun isa su raba mutum da abincin sa.

Dabarar Wood ita ce riƙe ƙwallo. A lokacin babu dokar da ta tilasta a jefa ƙwallo cikin wani ƙayyadadden lokaci, don haka a zangon ƙarshe na wasan ɗan wasan sa Bobby Plump ya tsaya cak da ƙwallo a hannu na sama da minti 4, sannan ana dab da tashi ya jefa wadda ta raba gardama. Washegari mutum kusan 40,000 su ka yi dafifi don tarbar su a garin da mazauna cikin sa dubu ɗaya ne da 'yan kai.

Duk wannan labari ne mai daɗi, kuma ba na ƙin sa. Sai dai akwai abin da fim ɗin ya tsallake. Mako guda kafin wasan ƙarshe, Milan ta fitar da wata makarantar baƙar fata zalla daga gasar da maki 65 da 52. Sunan makarantar Crispus Attucks, kocin ta kuma shi ne Ray Crowe.

Makarantar da aka gina don a ware

A shekarun 1920 ƙungiyar nan ta masu ƙin jinin baƙar fata, Ku Klux Klan, ta yi ƙarfi a Indiyana har ta kai ga wanda ta mara wa baya ya ci zaɓen gwamna a 1924. A cikin wannan yanayi ne hukumar ilimi ta Indiyanapolis ta yanke shawara a 1922 cewa a gina wa baƙar fata sakandaren su daban, a kwashe su daga makarantun da su ke karatu tare da Turawa. An buɗe ta a 1927. Da farko an so a sa mata sunan Thomas Jefferson, tsohon shugaban ƙasa wanda ya mallaki bayi, amma baƙar fata su ka ƙi, aka sa mata sunan Crispus Attucks, baƙar fatan da sojojin Ingila su ka harbe a birnin Boston a 1770.

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Da ya ke jami'o'in Turawa ba su cika ɗaukar baƙar fata aikin koyarwa ba, sai makarantar ta cika da malamai masu digiri na biyu, har da masu digirin dakta. Ta fuskar karatu ba ta da na biyu a birnin. Ta fuskar wasanni kuwa an rufe mata ƙofa, domin hukumar wasannin sakandare ta jihar ta haramta wa makarantun baƙar fata da na Katolika shiga gasa har zuwa 1942. Shekara 15 ke nan yaran Attucks na yin doguwar tafiya zuwa wasu jihohi don neman abokan karawa.

Ray Crowe, wanda aka haifa a 1915, ya tashi ne a gona a kusa da garin Whiteland, a tsakiyar Turawa. Ƙanen sa George Crowe shi ne wanda aka fara ba lambar gwarzon ɗan ƙwallon kwando na jihar a 1939. Shi Ray malamin lissafi ne a wata ƙaramar makaranta kafin a ba shi ragamar ƙungiyar Attucks a 1950. Daga ranar da ya karɓi usur ya tarar da yaƙi iri huɗu na jiran sa, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya shafi iya jefa ƙwallo a kwando.

Yaƙi huɗu na malamin lissafi

Na farko, rashin fili. Ɗakin wasan makarantar ƙarami ne ƙwarai, ba ya ɗaukar 'yan kallo, don haka Attucks ba ta da gida. Ko dai su je garin wasu, ko su ari zauren wasu. Duk wanda ya san ƙwallo ya san amfanin wasa a gida, inda ka san ƙasar, kuma 'yan kallo naka ne. Su kuwa kullum baƙi ne. A hanya ma ba su tsira ba, domin gidajen abinci da yawa ba sa sayar wa baƙar fata, sai dai a yi guzuri a ci a cikin bas. Ainihin makarantar koyon wasan yaran ma wani filin turɓaya ne a kusa da rukunin gidajen talakawa na Lockefield Gardens, inda su ke yini su na wasa cikin ƙura.

Na biyu, talauci. Akasarin yaran 'ya'yan waɗanda su ka yi ƙaura ne daga kudancin Amurka don neman aikin leburanci. Oscar Robertson, wanda aka haifa a Jihar Tennessee a 1938, ya tashi a gidan da ko famfo babu a ciki, kuma da ƙwallon tsumma ya fara koyon jifa saboda babu kuɗin sayen ta gaske. Kocin irin waɗannan yara dole ya zama uba. Crowe ya na bibiyar sakamakon jarrabawar su, wanda ya yi wasa da karatu ba zai taka fili ba komai gwanintar sa. Ya san gidajen su, ya san wanda ya kwana da yunwa. Wannan aiki ne da ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba, kuma ba a biyan ko sisi a kan sa.

Na uku, alƙalan wasa. A shekarun farko duk Turawa ne, kuma idan wasa ya yi kankankan ana dab da tashi, usur ya kan faɗa a kan Attucks. A gasar 1953 an fitar da su ne bayan wani hukunci da aka yi wa gwarzon su Hallie Bryant, hukuncin da har wasu Turawa 'yan jarida su ka yi tir da shi. Me koci zai yi? Idan ya yi hayaniya a ce ga halin baƙar fata nan, idan yaran sa su ka tanka a kore su. Sai Crowe ya kawo lissafin sa cikin wasa. Ya riƙa gaya wa yaran cewa su ƙaddara maki goman farko na alƙalan wasa ne, saura ne nasu. Ma'ana, a ba abokan hamayya tazarar da babu usur ɗin da zai iya cike ta. Daga nan salon wasan su ya fito, gudu ba tsayawa da matsa wa abokin karawa lamba tun daga farkon fili, kishiyar salon Milan na riƙe ƙwallo.

Na huɗu, kuma wanda na ke ganin ya fi sauran nauyi, a cikin gida ya ke. Shugaban makarantar, Dakta Russell Lane, ya sha wahala kafin a yarda Attucks ta shiga gasa, kuma tsoron sa kullum shi ne kada wani yaro ya yi faɗa a fili a fake da wannan a sake rufe musu ƙofa. A wurin sa ƙungiyar jakadiya ce, ladabi ya fi cin kofi. Kada ka yi saurin zargin sa, mai karatu, domin ya san garin da ya ke ciki. Amma shi koci ya zai yi da yaran da aka ce su yi wasa kada su taɓa jikin kowa? A shekarar Crowe ta farko, 1951, sun doke Anderson da maki 81 da 80 a wani wasa da har yau ake labarin sa, inda Bailey Robertson, wan Oscar, ya jefa ƙwallon ƙarshe. Su ka kai zagayen 'yan huɗu, amma a can su ka yi wasa a ɗarare, makarantar Evansville Reitz ta fitar da su. Crowe ya ɗauki darasi. Ya riƙe ladabin da shugaban sa ke so, babu zagi babu rama duka, amma ya cire wa yaran tsoro. Ana sara ana duban bakin gatari, haka ya yi ta yi har shekara 7.

Shekaru biyu na ban-mamaki

Lokacin da Milan ta doke su a 1954, Oscar Robertson yaro ne ɗan shekara 15. Da shekara ta zagayo, labari ya sha bamban. A kakar 1955 sau ɗaya tak aka doke Attucks, kuma a wasan ƙarshe ta haɗu da Roosevelt ta birnin Gary, wadda ita ma makarantar baƙar fata ce zalla. Ka duba wannan hoto: zauren Butler cike da mutane, kuma duk yara goman da ke fili 'yan makarantun da shekara 13 baya doka ba ta yarda su shigo gasar ba ne. Attucks ta yi nasara da maki 97 da 74. Ita ce makarantar farko daga birnin Indiyanapolis da ta taɓa cin wannan kofi, kuma tarihi na lissafa ta a matsayin makarantar baƙar fata zalla ta farko a Amurka da ta ci gasar jiha wadda kowa da kowa ke shiga.

A 1956 su ka maimaita, a wannan karon ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba, wasa 31 nasara 31, abin da ba a taɓa yi ba a jihar. A wasan ƙarshe sun lallasa Lafayette Jefferson da maki 79 da 57, Oscar shi kaɗai ya ci 39. A 1957, bayan Oscar ya gama makaranta, Crowe ya sake kai su wasan ƙarshe, inda South Bend Central ta doke su. A nan ya ajiye usur ya zama daraktan wasanni na makarantar. Jimillar aikin sa: nasara 179, faɗuwa 20. Wanda ya gaje shi, Bill Garrett, ya sake ciyo kofin a 1959.

Motar 'yan kwana-kwana

Al'adar jihar ce a ɗora zakarun a kan motar 'yan kwana-kwana a zagaya da su dandalin tsakiyar birni, a yi biki a can. A daren 1955 an ɗora yaran Attucks a kan motar, an zagaya dandalin, amma ba a bar su sun tsaya ba. Sai aka zarce da su wani lambun shaƙatawa a unguwar baƙar fata, wai a can za su yi murnar su, domin hukumomi na tsoron kada a yi tarzoma. Yaran da su ka kawo wa birnin kofin sa na farko ke nan. Oscar Robertson ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ya ci kofin ƙwararru na Amurka da ƙungiyar Milwaukee Bucks a 1971, amma ya sha faɗa cewa abin da aka yi musu a daren nan bai bar zuciyar sa ba. Sai a 2015, bayan shekara 60, aka gayyaci waɗanda su ka rage a raye su jagoranci babban faretin birnin.

Nasarar ta kuma zo da wani abu da ba a zata ba. Indiyana ta yi dokar hana wariya a makarantu tun 1949, Kotun Ƙolin Amurka ma ta haramta ta a 1954, amma a aikace an yi ta jan ƙafa. Da kococin makarantun Turawa su ka gaji da shan kashi, sai su ka fara zawarcin yaran baƙar fata da ke unguwannin su. Abin da doka ta kasa gaggautawa, son cin kofi ya taimaka ya tura shi gaba. Sai dai hakan ya rage wa Attucks ƙarfi, domin gwanayen da a da dole su zo wurin ta yanzu sun watsu. A 1986, shekarar da Hoosiers ya fito, aka rage mata daraja zuwa ƙaramar sakandare. Sai a 2006 ta koma cikakkiyar sakandare, kuma a 2017 ta sake cin kofin jiha a rukunin ta.

Shi kuwa Crowe ya shiga siyasa, ya yi ɗan majalisar dokokin jiha, ya shugabanci hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta Indiyanapolis, ya rasu a Disamba 2003 ya na da shekara 88.

Mu koma kan fim

Yanzu ka sake kallon wasan ƙarshe na Hoosiers da wannan ido. A zauren Butler na ainihi aka ɗauke shi. Ƙungiyar da Hickory ta doke an sa mata suna South Bend Central, wato makarantar da ta doke Crowe a wasan sa na ƙarshe, kuma shi aka ba matsayin kocin ta. Wasu za su ce karramawa ce aka yi masa, kuma mai yiwuwa haka masu fim ɗin su ka nufa. Ni dai abin da na gani shi ne, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An nuna mana yaran ƙauye a matsayin marasa gata, alhali su na da ɗakin wasan su, gari na bayan su, kuma babu gidan abincin da zai kore su. Marasa gata na gaskiya su na ɗaya ɓangaren filin, an mayar da su dodon da za a kayar don mu yi tafi.

Ban ce fim ɗin ba shi da kyau ba. Hackman ya yi wasa, Dennis Hopper da ya fito a matsayin mashayin uban nan har sunan sa ya shiga jerin masu neman kyautar Oska, kuma a 2001 gwamnatin Amurka ta sa fim ɗin cikin finafinan da ake adanawa don tarihi. Matsalar ita ce, abin da mutane su ka gani a majigi shi ke zama musu tarihi. Labarin Attucks sai a finafinan gaskiya ake samun sa, kamar Something to Cheer About da kuma Attucks: The School That Opened a City na 2016, waɗanda ba su samu ko kusa da 'yan kallon Hoosiers ba.

Kocin fim, ko Hackman ne ko Shah Rukh Khan a Chak De! India, babban aikin sa shi ne jawabi mai zafi a ɗakin canza kaya, kiɗa na tashi a baya. Kocin gaske kuwa yinin sa ya na ƙarewa ne a neman aron fili, da lallashin shugaban makaranta, da duba takardar jarrabawar yaro, da haɗiye fushi a gaban alƙalin wasa. Wannan ba ya ɗaukar ido a kyamara, shi ya sa marubuta ke guje masa. Ga marubutan mu na littafi da na fim, ina ganin a nan darasin ya ke. Kowannen mu ya san wani malamin wasanni a makarantar su da ya taɓa sayen ƙwallo da albashin sa, ko ya biya wa yara kuɗin mota zuwa gasa. Da wuya ka ga an yi fim a kan sa. Idan ka sake kunna Hoosiers, ka tsayar da hoton daidai inda dattijon nan ya bayyana, ka dube shi da kyau. Shi ne mai nasara 179 ɗin.